Shin Tuba Daga Taba Tana Jiran Sabuwar Shekara?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugaban halitta Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da halifofinsa. Bayan haka:

Idan watan Disamba ya kama a Attantane da sauran garuruwan ƙasar Mayahi da Tasawa, aikin gona ya ƙare. Gero ya shiga rumbu, an gama roron wake, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Samari sun ɗan samu kuɗi a aljihu. Wasu suna ɗaure kayan tafiya cin rani Kano ko Legas ko Agadas, wasu kuma suna raba dare a fada, ana dafa shayi ana hira. A irin wannan zama ne ake yawan jin wani ya busa hayaƙi ya ce daga sabuwar shekara ya bar taba. Wani ranar 1 ga Janairu yake nufi, wani kuma watan Muharram yake jira.

A ɗauki misalin wani saurayi, irin wanda kusan kowace zawiya ta san kamarsa. A wurin cin rani ya koyi shan sigari. Da ya dawo gida ya karɓi wuridi a hannun muƙaddamin garinsu, ya bar ta na wasu watanni, daga baya ya koma. Yanzu a ɓoye yake sha. Sai ya zagaya bayan gari, in ya gama ya tauna goro ko kanumfari, ya zo wazifa ya zauna can gefe, nesa da farin ƙyallen da ake shimfiɗawa, don kada na kusa da shi ya ji wari. Ya gaji da wannan rayuwa, sai ya gaya wa abokansa biyu cewa ranar 1 ga Janairu zai bari. Ɗaya ya ce madalla, Allah ya ba da iko. Ɗayan ya tambaye shi wa ya ba shi tabbacin zai kai Janairu.

Dukansu biyu masoyansa ne, kuma kowanne yana da hujja. Abin dubawa shi ne: wanda ya yanke wa kansa ranar barin saɓo a nan gaba, ya fara tuba ke nan, ko kuwa ya samo wa kansa izinin ci gaba da saɓon zuwa wannan rana?

Hukuncin taba ga muridi

Taba baƙuwa ce a ƙasashen Musulmi. Daga nahiyar Amurka ta fito, kuma ba ta iso Maroko da Afirka ta Yamma ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16. Tun isowarta malamai suka rabu a kanta. Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya rasu a 1627, ya yi rubutu a 1607 yana halatta ta, haka ma Aliyu al-Ajhuri, babban malamin Malikiyya na Misra. Ibrahim al-Laƙƙani, shi ma Bamalike a Misra, ya haramta ta, kuma Muhammad al-Wali ɗan Sulaimanu, malamin Fulani na ƙasar Bagirmi, ya rubuta littafi a kan haramcinta a ƙarni na 17. Waɗanda suka halatta sun dogara ne da cewa ba ta gusar da hankali kamar giya, kuma a zamaninsu ba a tabbatar da cutarwarta ba.

Shehu Ahmadu Tijjani (RTA), wanda aka haifa a Ainu Mali a 1737 ya rasu a Fas a 1815, ya hana almajiransa taba hani mai tsanani. Shi ya sa muƙaddamai da yawa ba sa ba mai shan taba wuridi sai ya yi alkawarin bari. Shekara 135 bayan rasuwar Shehu, a 1950, masu bincike biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka nuna alaƙar shan sigari da ciwon dajin huhu. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutane fiye da miliyan 7 a kowace shekara, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su taɓa sha ba, hayaƙin wasu suke shaƙa. Nijar ma ta kafa dokar yaƙi da taba ranar 15 ga Mayu 2006, wadda ta hana tallarta da shanta a wuraren taruwar jama'a da sayar da ita ga yara.

Saurayin da ake magana a kansa ba ya jayayya da ko ɗaya daga cikin wannan. Da yana ganin halal yake yi da bai ɓoye ba. Damuwarsa ita ce yaushe zai bari, kuma a nan ne abokansa suka saɓa.

Hujjar wanda ya ce tuba ba ta jira

Abokin da ya yi masa tambayar nan mai ɗaci bai zo da sabon abu ba. Duk yaron da ya fara karatun littattafai a zaure ya ci karo da wannan magana a farkon Ahalari, inda aka lissafa sharuɗɗan tuba: nadama a kan abin da ya wuce, niyyar rashin komawa har ƙarshen rayuwa, da barin saɓon nan take in ana cikinsa. Malam Abdurrahman al-Akhdari ya ƙara da cewa jinkirta tuba bai halatta ba. Malamai sun ce jinkirin da kansa wani laifi ne da yake buƙatar tasa tubar.

Mutanen tasawwufi sun ƙara zurfafa abin. A wurinsu sufi ɗan lokacinsa ne, ba shi da wani jari sai numfashin da yake ciki. Jiya ta tafi da abin da ke cikinta, gobe kuwa ba a hannunsa take ba. Suratul Kahfi ta koyar da cewa ko aikin gobe ba a yanke shi sai an jingina shi ga nufin Allah. To ina ga wanda ya yanke na makonni uku ko watanni biyar masu zuwa, kuma ya tsara yadda zai cika tsakanin da abin da ya san an hana shi?

Akwai kuma wata dabara ta son zuciya da ya kamata a gane. Mutumin da lamirinsa ke cizonsa yana neman sauƙi, kuma sauƙin yana zuwa ta hanya biyu: ko ya bar laifin, ko ya yi alkawarin barinsa. Hanya ta biyu ba ta da tsada ko kaɗan. Da zarar ya furta cewa sai Janairu, sai ya ji nauyin ya ragu, ya kunna karan da ke hannunsa da kwanciyar hankalin da bai samu jiya ba. Wasu ma sukan ƙara yawan abin da suke sha a kwanakin ƙarshe da sunan ban kwana. Alkawarin da aka yi don kashe taba sai ya zama shi ke ciyar da ita.

Manomin ƙasar Mayahi ya san wannan a gonarsa. Ƙuduji idan ya fito a gonar gero ana tuge shi ne kafin ya yi fure. Wanda ya ce bari sai bayan kaka, ya bar kowane tushe ya zubar da dubban ƙwayoyin iri da za su zauna cikin ƙasa shekara da shekaru suna jiran damina. Ranar da ya ɗiba ba ta hana ƙudujin aikinsa ba.

Hujjar wanda ya ce madalla

Amma abokin da ya yi masa addu'a shi ma ba wauta ya yi ba. Taba ta bambanta da laifin da mutum zai ajiye kamar yadda ake ajiye sanda. A cikinta akwai sinadarin nikotin, wanda yake isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kamar 10 zuwa 20 bayan an zuƙa. Idan aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa takan saba da shi har ta riƙa nemansa kamar abinci. Ranar da aka yanke mata, sai jiki ya yi bore: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci, yawan jin yunwa, kasa tattara hankali. Abin ya fi tsanani a makon farko, sannan yakan lafa cikin makonni biyu zuwa huɗu.

Saboda haka likitoci da kansu suke ba mai son bari shawarar ya sa rana, ya gaya wa mutanensa, ya kawar da sigari da ashana daga ɗakinsa, ya san lokutan da sha'awar ta fi taso masa. Yawancin waɗanda suka bari har abada sai da suka gwada sau da yawa kafin su dace. Wanda ya yi shiri ya fi wanda ya yi rantsuwa cikin zafin wa'azi, gari ya waye ya manta.

Shari'a ma ta san halin ɗan Adam. Ba a rana ɗaya aka haramta giya ba, mataki-mataki hukuncin ya sauka. Gaskiya ne cewa yanzu hukunci ya cika, babu mai cewa a sha rabin haram, amma hikimar tarbiyya da ke cikin wannan tana nan, kuma shehunan tarbiyya da ita suke renon muridai. Sannan mutum yana buƙatar alama a cikin lokaci. Juma'a, Ramadan, daren Lailatul Ƙadari, duk ranaku ne da zuciya take ɗaura himma a kansu. Wanda ya ga shekara tana ƙarewa ya tuna cewa tasa rayuwar ma tana ƙarewa, ya yi tunani mai kyau, bai kamata a yi masa dariya ba.

Inda azama take rabuwa da jinkiri

Idan aka auna hujjojin biyu za a ga ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Na farko yana maganar zuciya, na biyu yana maganar jiki. Zuciya ba ta da uzurin jira, domin nadama da ƙin saɓo ba su buƙatar shiri. Jiki kuwa yana iya buƙatar 'yan kwanaki a kwance masa ƙullin da aka shekara ana ɗaurawa. Don haka sa rana yana iya zama azama, yana kuma iya zama jinkirin da Ahalari ya yi gargaɗi a kansa. Ana gane bambancin da alamomi.

Alama ta farko ita ce nisan ranar. Likitocin da suka ce a sa rana, kusa suke nufi, kamar cikin mako biyu. Wanda yake tsakiyar Disamba ya ce 1 ga Janairu yana cikin wannan iyaka. Wanda yake watan Yuli ya ce sai Janairu, ko wanda Janairu ta wuce shi ya ce to sai Muharram, ba shiri yake yi ba, gudu yake yi.

Ta biyu ita ce abin da ya canza yau. Idan yau ɗinsa daidai take da jiyarsa, bai yanke komai ba. Mai gaskiya tun daren da ya yi magana zai daina sha a cikin ɗakin da matarsa da 'ya'yansa suke kwana, musamman a wannan lokaci na sanyi da ake rufe ƙofa da taga. Zai daina miƙa wa ƙaninsa kuɗi ya sayo masa a wurin mai tebur. Zai biya bashin sigarin da ake binsa ya ce kada a sake ba shi. Waɗannan haƙƙoƙin bayi ne, ba su da alaƙa da nikotin, babu abin da ya hana a sauke su yau. Zai kuma zauna ya yi lissafi. In aka ƙaddara kara ɗaya sefa 25 ne, yana shan goma a yini, sefa 250 ke nan kullum, sefa 91,250 a shekara. A gidan da rumbu yake yin ƙasa tun kafin a yi shuka, wannan kuɗin tiyoyin gero ne da aka ƙona.

Ta uku ita ce fita daga ɓoye. Cutar saurayin nan ba hayaƙi kaɗai ba ce. Ya saba zama cikin 'yan'uwa da fuska biyu, kuma wannan ya fi taba ɓata zuciya. Ba a ce ya tona asirin kansa a bainar jama'a ba, suturar da Allah ya yi masa ni'ima ce. Amma muƙaddaminsa likitansa ne, kuma maras lafiyan da ya ɓoye wa likita ciwonsa kansa ya cuta. Ya same shi shi kaɗai ya ce masa: Sayyadi, ga halin da nake ciki, ga ranar da na sa, a taimake ni da addu'a, a kuma gaya mini abin da ya kamata in yi game da wuridina. Hukuncin wuridin nasa a bakin muƙaddami yake, ba a fada ake yanke shi ba.

Ta huɗu ita ce sunan da yake kiran kansa da shi. Kafin ya ajiye karan ƙarshe bai cika sharuɗɗan tuba ba, kuma bai kamata ya yaudari kansa ba. Mai neman tuba ne, yana kan hanya, yana kuma neman gafarar jinkirin da yake ciki. Hadisi ingantacce ya ba da labarin mutumin da ya kashe rai ɗari, aka umarce shi da ya yi ƙaura zuwa garin mutanen kirki, ajali ya riske shi a hanya, kuma rahama ta same shi. Abin lura a labarin shi ne mutuwa ta same shi yana tafiya. Da ta tarar da shi zaune a gida yana cewa sai baɗi, da labarin ya zama wani daban. Wannan ita ce amsar tambayar abokin nan mai ɗaci: babu wanda ya ba saurayin tabbacin Janairu, shi ya sa ya wajaba a same shi a kan hanya tun yau.

Idan ya faɗi ranar tara ga wata

Babban aibin alkawarin sabuwar shekara ba ya bayyana sai bayan an karya shi. Saurayi ya yi kwana takwas bai sha ba, ranar tara suka yi faɗa da wani a tasha, ya karɓi kara ɗaya a hannun aboki. Sai Shaiɗan ya zo masa da lissafin kalanda: shekarar ta riga ta ɓaci, sai a jira wata. Kara ɗaya ya zama kwali, kwana ɗaya ya zama wata goma sha biyu. Wanda ya ɗaura tubarsa a kan ranar 1 ga Janairu ƙofa ɗaya yake da ita a shekara.

Muridin Tijjaniyya ba haka aka rene shi ba. Lazimin da ya karɓa yana farawa ne da istigfari ɗari, safe da yamma, kafin salatin Annabi ɗari da hailala ɗari. Wazifa ma da istigfari take buɗewa. Shehu bai ɗora wa almajiransa neman gafara sau biyu a yini don yana zaton ba za su yi kuskure ba. Wanda ya zame da hantsi, la'asar tana jiransa. Kwana takwas ɗin da ya yi ba su tafi a banza ba: jikinsa ya huta, kuma ya gano cewa fushi ne ramin da yake faɗawa, sai ya yi masa shiri.

Carbin da ke aljihunsa ma yana da amfani a wannan yaƙi. Sha'awar taba takan taso ne kamar guguwa, ta yi 'yan mintoci ta wuce, ko an sha ko ba a sha ba. Salati ɗari yana cin kusan wannan lokaci, yana kuma shagaltar da hannu da baki, wuraren da sigari ta saba zama. Asawaki bayan cin abinci yana toshe wata kafar. Zikiri ba ya hana zuwa gidan likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shawarar ma'aikacin lafiya tare da magani suna iya ninka damar bari fiye da sau biyu, kuma neman magani sunna ce.

Wanda yake ganin ba zai iya ba, ya tuna Ramadan. Mashayin da ke cewa ba ya iya awa biyu babu sigari, shi ne yake yin fiye da awa 13 bai kusance ta ba, ko da azumi ya faɗo cikin zafin bazarar Maraɗi. Nikotin ɗin bai canza ba. Abin da ya canza shi ne niyyar da ya ƙulla domin Allah, da kuma kasancewar duk garin yana azumi tare da shi.

Abin da ke kan 'yan'uwa

Wannan na ƙarshe ya mayar da magana kan zawiya. Saurayin da ya zauna can gefen wazifa yana tsoron a ji warinsa, wataƙila da yawa sun riga sun ji sun yi shiru, wasu kuma sun yi gulmarsa. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya taimake shi. Idan aka kore shi, fada tana nan da shayinta da sigarinta, za ta karɓe shi hannu bibbiyu. Idan aka yi kamar ba a gani ba, an bar shi shi kaɗai da abin da ya fi ƙarfinsa. Abin da yake buƙata shi ne ɗan'uwa ɗaya ko biyu da za su raka shi a makon farko, su zauna da shi bayan isha lokacin da ya saba fita, su yi haƙuri da fushinsa, in zai tafi cin rani su haɗa shi da zawiyar garin da za shi. Wanda Allah ya kare daga taba kuma kada ya ɗauka ƙarfinsa ne. Kowa yana da abin da yake cewa sai baɗi zai bari: wani gulma, wani bashin da ya ƙi biya, wani zumuncin da ya yanke.

Ribar kuwa tana zuwa da wuri. Cikin awa 12 da barin sigari iskar gubar da take cikin jini takan koma daidai. Bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciya yakan ragu zuwa kusan rabin na mai sha. Dogon binciken da aka yi a kan likitocin Ingila, wanda aka fitar da sakamakonsa na shekara 50 a 2004, ya nuna mashaya suna rasa kusan shekara 10 na rayuwa, kuma wanda ya bari yana ɗan shekara 30 yakan kuɓutar da kusan dukkansu. Ajali a hannun Allah yake, amma jiki amana ne da za a tambayi bawa a kansa.

Saboda haka abokan saurayin nan biyu ba sai sun yi jayayya ba. Ya riƙe ranar 1 ga Janairu a matsayin iyakar da ba zai ƙetare ba, in ya samu ikon bari kafin ta zo ya fi. Nadama da istigfari da zuwa wurin muƙaddami da fitar da hayaƙi daga ɗakin iyalinsa kuwa, na daren yau ne.

Allah ya ba duk mai fama da wannan jarrabawa ikon bari, ya karɓi tubar masu tuba, ya tabbatar da dugadugan muridai a kan alkawarin da suka ɗauka, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.